Gonar da Na'ura Ba Ta Sani Ba

Kamfanin Alhaji Bature na Funtuwa ba ya noma da kansa. Manoma yake ba tsabtataccen irin masara su shuka a gonakinsu, idan kaka ta yi ya saye abin da suka girbe, ya tace, ya zuba a ƙananan buhuna ya sayar wa masu neman irin shuka. Babban sitonsa yana Funtuwa, yana da rassa a Ɗandume da Malumfashi da Ƙafur. Shekara da shekaru da katin kwali ake aikin. Manomi ya zo da katinsa, ma'ajin reshe ya dube shi ya gane shi, ya auna masa iri.

Da harkar ta yi girma sai ɓarna ta shigo. Ana ganin irin kamfani a kasuwar Funtuwa ana sayar da shi a kwano. Wani ya karɓi iri da sunan gonar da ke keɓe, ya je ya shuka kusa da masarar maƙwabci, irin ya gauraye ya lalace. Wannan ya sa Mannir, babban ɗan Alhaji wanda shi ne manaja, ya ɗauki Zaituna aiki. 'Yar Funtuwa ce, ta karanci ilimin kwamfuta a Zariya, ta yi 'yan shekaru tana aiki a Kaduna kafin ciwon mahaifiyarta ya dawo da ita gida. Aikinta shi ne ta kawo manhajar da za ta riƙe harkar kamfanin gaba ɗaya, tun daga rabon iri har sayen amfani.

Wani kamfani ne a Legas ya gina manhajar, amma Zaituna ce ta tsara dokokinta. Za a ɗauki hoton yatsan kowane manomi, a zagaya gonarsa da waya a auna ta. Lokacin rabon iri kuma, sai an tsaya da wayar reshe a cikin wannan gonar, manomi ya danna yatsansa, sannan kwamfutar sito za ta ba da izinin a fitar masa da buhunsa. Mutanen Legas sun tambaye ta ko tana so a bar wa shugabannin rassa wata ƙofa da za su iya ba da iri idan larura ta taso. Ta ce a'a. A ganinta ta irin wannan ƙofar ce ɓarnar take shigowa.

Abin da ta nema shi ne kada a yi gaggawa. Ta faɗa a ofishin Alhaji, a gaban Mannir.

"Ranka ya daɗe, ni ina ganin mu fara da Ƙafur kaɗai. Mu yi damina guda a can, katin yana tafiya, na'ura tana tafiya. Abin da ya ɓullo mu gyara, sannan mu kai sauran rassa."

Mannir ya girgiza kai. "Idan aka bar kati a hannun ma'aji, ba zai taɓa kallon na'ura ba. Na san mutanenmu. Ga shi masu son haɗa gwiwa da mu za su zo da kaka, ba zan nuna musu reshe ɗaya ba."

Alhaji Bature ya daɗe yana juya carbinsa. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, kuma zuciyarsa tana kan aikin Hajjin da zai tafi a shekarar. Ya ce, "Ku ne kuka san abin. Manaja, ka yi yadda ka ga ya dace, amma kada a wahalar da mutane."

Aka yi yadda Mannir ya so. Da rani aka bi ƙauyuka ana awon gonaki, aka tattara katunan daga rassa duka aka ƙone su a bayan sito. Zaituna ta tsaya tana kallon hayaƙin, ranta bai so ba. Ta wani ɓangaren ma tana jin daɗi. Idan ta buɗe kwamfutarta sai ta ga taswirar ƙasar tun daga Ɗandume har Ƙafur, kowace gona da zanenta da sunan mai ita.

Da bazara 'yan bindiga suka tsananta a ƙauyukan yamma da Ɗandume. Mutane suka kwashe yara da awaki suka dawo cikin gari, wasu a gidajen 'yan'uwa, wasu a kangaye. Masu hali a gari suka ara musu filaye a kusa, kowa ya share nasa yana jiran ruwa. Zaituna ta ji labarin kamar yadda kowa ya ji, ta yi musu addu'a, amma ba ta haɗa shi da aikinta ba.

Bayan ruwan shuka ya sauka, Mudi, ma'ajin reshen Ɗandume, ya kira ta.

"Malama, akwai matsala. Mutane sun cika ƙofar sito, na'ura ta ƙi su."

"Sabis ne babu?"

"Akwai sabis. Gonakin ne ba ta sani ba. Gara dai ki zo."

Washegari ta shiga mota ta tafi. Ta tarar da manoma zaune a inuwar sito, wasu a kan duwatsu, wasu a kan baburansu, ba mai hayaniya. A ciki buhunan iri ne jere har rufi. Mudi ya nuna mata wani dattijo dogo mai farin gemu da ke zaune a gefe.

"Wannan Malam Sanda ne. Tun Alhaji yana yawo da kansa a babur yake noma masa iri."

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa a natse, ya tambayi lafiyar Alhaji. Sannan ya ce, "'Yata, an ce ke kika kawo abin nan. Ki zo ki ga gonar da aka ara mini. Babu masarar kowa kusa da ita, na duba da kaina."

Suka tafi da ƙafa, don ba nisa. Fili ne mai kyau a bayan gari, jar ƙasa, an yi huɗa, damshi har yana manne wa takalmi. Gero ne a gefe guda, gyaɗa a ɗayan. Ko ita da ba manomiya ba ta ga babu abin kushewa. Ta miƙa masa wayar ya danna yatsansa. Sunansa ya fito da hotonsa, a ƙasa kuma jan rubutu yana cewa wannan ba gonarsa ba ce.

Ta gwada ta yi masa sabuwar rajista, manhajar ta ce wannan yatsan yana ciki tun da. Ta gwada ta sauya gonar, ta tarar babu hanyar yin haka bayan an buɗe rabon iri. Ita ce ta ce a rufe hanyar, don kada wani ya sauya gona a ɓoye.

"Baba, ba ka da ɗa da za mu rubuta gonar da sunansa?"

"Suna Kaduna wajen neman abinci. Ba za su iya zuwa ba."

"Mai ɗakinka fa?"

"An ce sai da katin ɗan ƙasa. Nata ya ƙone da ɗakinta a ƙauye."

A bakin gonar ta kira Legas. Wanda ya ɗauka ya saurare ta da ladabi, ya ce ya fahimta. Ya ce dokar tana can cikin gindin manhajar, rabon iri da lissafin sito da shaidar ingancin iri duk a kanta suke tsaye. Idan aka taɓa ta a gaggauce komai zai iya rikicewa a rassa duka. Za su gyara, za su gwada, gyaran zai fito a sabon zubin manhajar. Ta tambaye shi yaushe. Ya ce ba zai yi mata alkawarin rana ba.

Ta kira Mannir. Alhaji ya riga ya tashi zuwa ƙasa mai tsarki, komai yana hannunsa.

"Manaja, ka ba Mudi izini ya buɗe sito ya ba su da hannu. Zan tsaya a wurin, zan rubuta kowa."

"Idan na buɗe wa Ɗandume, gobe Malumfashi za su kawo nasu dalilin. Shi ke nan mun koma inda muka fito. Kuma irin da bai bi ta na'ura ba, da wace shaida za mu sayar da shi?"

"Shuka ba za ta jira mu ba."

"Ki matsa wa mutanen Legas. Ke kika ce a rufe ƙofar nan, Zaituna, ba ni ba."

Ta san gaskiya ya faɗa.

Ta sauka a gidan wata gwaggonta a Ɗandume ta ci gaba da abin da za ta iya. Wanda yake da ɗa ko ƙane a kusa, sai ta hau bayan babur ta je ta auna sabuwar gonar da sunan yaron. Awon gona guda yana cin rabin wuni idan an haɗa da jiran sabis. Tana rage mutum biyu a ƙofar sito, wasu uku suna ƙaruwa. Ruwa kuma yana ta sauka. Masarar waɗanda suka sami iri da wuri ta tsiro har ta kai a yi mata noman farko.

A cikin haka ne wasu samari biyu suka zo da shawara. Tunda na'ura tsohuwar gona ta sani, a ba su wayar su ruga can da sassafe su danna yatsa su dawo, su karɓi iri su shuka a sabuwar. Zaituna ta ce ba ta yarda ba. Da ta fita awo, Mudi ya ba su. Kafin azahar sun dawo lafiya, suna dariya, kowa ya ɗaura buhunsa a babur. Da ta dawo ta ji, ta yi wa Mudi faɗa, amma ba mai ƙarfi ba. Washegari wasu suka tafi, su ma suka dawo. Daga nan ta daina magana. Idan ta ga ana miƙa wayar sai ta mai da idonta kan kwamfuta.

Malam Sanda bai shiga sahun farko ba. Tsohuwar gonarsa ta fi ta kowa nisa, tana bakin daji. Kullum yana zuwa ya zauna a wurinsa, ya tambaye ta ko Legas sun yi magana, ta ce tukuna, ya ce Allah ya sa mu ji alheri. Ran nan da safe ya shigo cikin sito ya tsaya a gaban teburin Mudi.

"A ba ni wayar nan."

Zaituna ta ɗago. "Baba, ka ƙara haƙuri. Sun ce sun kusa."

"Gonar aro ce, 'yata. Mai ita ya ce idan ba zan shuka ba zai ba wani. Bai yi laifi ba."

"To ka shuka masarar kasuwa bana."

"Masarar kasuwa ci za mu yi, ba za ta kai mu baɗi ba. Irin kamfani ne yake riƙe da gidana."

Mudi ya dube ta. Ta mai da idonta kan kwamfuta. Ya miƙa wa dattijon wayar, ya nuna masa inda zai danna. Wani ɗan acaba mai suna Ummaru, ɗan ƙauyensu, ya ɗauke shi.

Hantsi ya ɗaga tana zaune gaban kwamfutar sito sai sunan Malam Sanda ya koma kore. Izini ya fito. Mudi ya ce alhamdu lillahi, ya sauko da buhun ya jingine shi a bakin ƙofa. Aka yi azahar ba su dawo ba. Aka yi la'asar. Mudi ya yi ta kiran wayar reshe tana shiga ba a ɗauka, daga baya ta daina shiga. Gab da magariba wani mai itace ya shigo gari ya ce ya ga babur a yashe a gefen hanya, da hula guda a ƙasa.

Mutanen da ke ƙofar sito suka watse ba tare da kowa ya ce wa Zaituna komai ba. Ta so a ce wani ya zage ta. Ta kira Mannir ta faɗa masa. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ku buɗe sito. Ku ba kowa."

Aka buɗe da safe. Amma babu kati, babu wayar reshe, Mudi da ka yake tuna wa ya cancanci me. Kuma lokaci ya ƙure. Wasu sun riga sun shuka dawa, wasu an karɓe gonakin aron. Waɗanda suka karɓa suka shuka a makare, masarar ba ta gama cika ba ruwa ya ɗauke. Fiye da rabin irin ya kwana a sito, zafi da damshi suka rage masa ƙarfin tsiro.

Gyaran Legas ya iso masara tana bunƙasa. Ya yi kyau ƙwarai. Yanzu ana iya sauya gona, ana iya rubuta gonar aro, shugaban reshe yana iya ba da iri ya rubuta dalili. Zaituna ta ɗora shi a kan kwamfutocin rassa, ta gwada komai, komai ya yi aiki. Babu wanda ya rage da za a ba iri.

Alhaji Bature ya dawo ya ji abin da ya faru. Bai ɗaga murya ba. Ya tara su a ofis, ya tambayi Mannir, ya tambayi Zaituna, kowa ya faɗi nasa ba tare da ya ɗora wa ɗan'uwansa ba. Da suka gama ya ce, "Malam Sanda ya taɓa ɗaukata a kafaɗa ya tsallake da ni rafi." Daga nan ya shiga faɗi-tashin ganin 'yan bindigar sun sako Malam Sanda da Ummaru, tare da dangin mutanen biyu. Baƙin da Mannir yake jira sun zo da kaka, sun ga taswirar a bango sun yaba, sun tambayi dalilin da ya sa amfanin Ɗandume ya faɗi haka, suka tafi ba su sake waiwayowa ba. Mannir ya rage zuwa ofis. Mudi ya ajiye aiki da kansa, ya koma sayar da maganin feshi a kasuwa.

Ummaru aka fara sakowa. Malam Sanda sai da aka fara girbi. Iyalinsa sun riga sun koma Malumfashi wajen 'yarsa da ke aure a can, don haka can aka kai shi asibiti. Zaituna ta daɗe tana ɗaga tafiyar, ran wata Asabar ta shiga mota ta je.

Da ƙyar ta gane shi. Ya rame har gemunsa ya yi wa fuskarsa yawa, ƙafafunsa a naɗe da bandeji. 'Yarsa Sa'adiya tana zaune a bakin gado tana ba shi kunu. Da Zaituna ta faɗi sunanta, Sa'adiya ta ajiye kofin ta fita ba ta amsa gaisuwa ba.

"Baba, sannu. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Ke ce ta kamfani."

"Ni ce."

"Na danna, ko? Ban tabbata ba. Ina dannawa na ji ƙarar baburansu."

"Ka danna, Baba. Ya fito."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka sauke wa wani nauyi. "To madalla. Na yi ta tunani a can, ko dai banza na je."

Ta sunkuyar da kai. Ta shirya maganganu da yawa a mota, ta neme su ta rasa. Abin da ya fito kawai shi ne, "An gyara na'urar. Yanzu duk inda aka ara maka gona za ta karɓa."

"Allah ya amfana. Ni likita ya ce ƙafar hagun nan ba za ta sake bin kunyar gona ba. Ki faɗa wa masu sauran ƙarfi." Ya ɗan yi tari. "Ki gaishe da Alhaji. Ki ce na gode da ɗawainiya."

Ta zauna kaɗan. Da barci ya ɗauke shi ta miƙe. Sa'adiya tana tsaye a baranda, ta juya mata baya. Zaituna ta ce, "Allah ya ba shi lafiya." Sa'adiya ta ce, "Amin," ba ta waiwayo ba.

Malam Sanda bai koma Ɗandume ba. Ya zauna a gidan surukinsa, yana fita da sanda zuwa masallaci, kafin wata damina ya rasu.

Kamfanin bai rufe ba, amma ya ƙanƙance. Da ranin da ya biyo baya aka kira manoman Ɗandume sabuwar rajista, waɗanda suka zo ba su cika benci uku ba. Alhaji ya rufe reshen, aka kwashe kayan aka kai Funtuwa. Zaituna ta kai takardar barin aiki, ya ƙi karɓa, ya ce babu wanda zai riƙe abin in ta tafi, mahaifiyarta kuma tana buƙatarta a gari. Ta zauna. Ta koma mai yawan tambaya kafin a rufe kowace hanya a manhajar, har mutanen Legas suna ƙosawa da ita. Ranar Juma'a bayan an tashi daga aiki, takan ɗauki ledar lemo da burodi ta hau a-daidaita-sahu zuwa gida, ta zauna kusa da mahaifiyarta tana matsa mata ƙafa. Idan tsohuwar ta tambaye ta ya aiki, sai ta ce aiki da godiya.